Bokitin Injiniya Belisario

Duk faɗin gaɓar kogin Parana babu wanda ya san sirrin sanyaya narkakkiyar wuta kamar Injiniya Belisario Ocampo. Shi da kansa ya tabbatar da haka, ba sau ɗaya ba. Ya yi kwas na mako uku a Jamus kan abin da ake yi idan zuciyar tukunyar nukiliya ta narke ta zubo tana cin siminti. Ya dawo da takardar shaida, da sabon tabarau, da wani tari na musamman da yake yi kafin ya buɗe baki. Ma'aikatan tashar nukiliyar da yake aiki suka raɗa masa suna Ruwan Sama. Ya ɗauka yabo ne, har ya nemi a rubuta masa a hular kwano.

Shekara tara yana riƙe da sashen ko-ta-kwana, tukunya kuwa ba ta taɓa narkewa ba. Wannan ma yana cikin nasarorin da yake lissafa wa kansa.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya, kujerar daraktan tsaro. Wadda za ta zaɓi mai hawanta, Dakta Griselda Ferreyra, ta iso daga babban birni daidai ranar gashin naman ma'aikata na ƙarshen shekara. Belisario ya kafa kujera kusa da ita. Da ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake sha ana miƙa wa na kusa, ya zagayo hannunsa, sai ya riƙe yana bayani har ruwan ya huce, mutum shida suna jiran nasu.

"Dakta, jahilci ne ke sa a ji tsoron narkakken uraniyom. Ni na san halinsa. Ruwa daga sama, mai yawa, lokaci guda. Da na faɗa wa Jamusawa haka, shiru suka yi."

"Na yarda sun yi shiru," in ji Dakta.

Can gefe Don Eusebio, tsohon mai walda, yana kan wuta tun hantsi, haƙarƙarin shanu shimfiɗe a gabansa. Shekara ashirin shi ke gashin nan, ko manajan tasha bai taɓa miƙa hannu ga garwashinsa ba. Kitse ya ɗiga, wuta ta ɗan yi tsalle kamar yadda ta saba. Tsohon ya ɗauki shebur a natse.

Belisario ya yi tarinsa. Ya miƙe, ya suri bokitin wanke hannu.

"Matsa, Don Eusebio! Jama'a, ku zo ku ga ilimi a aikace. Wannan tulin garwashi shi ne zuciyar tukunya. Wannan bokiti kuwa, ni ne."

"Injiniya, naman fa..."

Ya sheƙa ruwan a kan garwashin. Tulin ya yi wani irin huci, tururi da toka suka haura rufin rumfa, sannan suka sauko a hankali kan haƙarƙari, kan burodi, kan farar rigar Dakta. Mutum tamanin suka tsaya da faranti a hannu kamar masu zaman makoki.

Belisario ya duba agogo. "Daƙiƙa huɗu. An shawo kan hatsari."

Saman tulin ya yi baƙi ƙirin, ya kama ɓawo. Don Eusebio ya girgiza kai.

"Saman ne kawai ya mutu, Injiniya. Ƙasan yana nan da ransa. Baza shi ake yi ya zama falle, sai ya huce da kansa."

"Da girmamawa, Don Eusebio, kai gashi ka sani."

Domin ya rufe bakin masu shakka, sai Belisario ya ɗora ƙafa kan ɓawon, ya kama ƙugu, ya fuskanci Dakta kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Ɓawon ya burma. Jan garwashi ya karɓi baƙo har idon sawu. Babu wanda ya san Injiniya yana da irin wannan murya, ko irin wannan gudu da ƙafa ɗaya. Bai tsaya ba sai cikin bahon da ake sanyaya kwalabe. Tafin takalmin ya zauna a baya yana hayaƙi.

"Injiniya, daƙiƙa nawa wannan?" wani ya tambaya daga bayan layi.

Dakta ta kaɗe toka daga kafaɗa, ta ciro ɗan littafinta, ta nufi tsohon.

"Don Eusebio, falle kamar yaya?"

Ya nuna mata kaurin yatsu biyu. Ta rubuta. Sannan ta buɗe wani shafi, ta ja layi ta soke wani suna.

"Dakta!" Belisario ya kira daga cikin baho. "Ki rubuta cewa ƙa'idar daidai take, garwashin ne bai bi ta ba."

"Na gama rubutu a kanka, Injiniya," ta ce. "Bar ƙafar a ciki. Ita kam ruwa take so."