Ragon Cima da Ɗan Aiken Salula

"...da gajiyar hanya? To, madalla. Mi kika kawo ma mijinki daga Maradi, ko hannu kika taho da shi yana lilo?"

Malam Baƙo ke nan yake tarbar jikarsa Zakiyya a ƙofar gidansa a Gidan Sori, yana leƙen jakarta ta wutsiyar ido.

"Aiki na kawo maka, tsoho. Mijin da ba shi da haƙori ba a sayo mashi tsire."

Ta zauna gefen tabarmarsa, ta fito da salula, ta yi masa bayani. A buro, wato ofishin da take aiki, sun ƙera wani ɗan aike mai ƙirƙirarriyar basira don manoma da masu kiwo. Yana da kayan aiki a hannunsa: wani na duba ruwan sama, wani na jin farashi a kasuwar Gidan Rumji, wani na kiran dillali. Shi ɗan aiken bai san komai a kansu ba sai bayanin da ita ta rubuta a ƙarƙashin kowanne, da shi yake zaɓar wanda zai ɗauka. An turo ta ne ta gwada ko bayanin nata yana kai shi daidai.

"Cewa aka yi a nemo wanda ya fi kowa gardama, sai na tuna da kai."

Baƙo bai yarda da abin ba. A ganinsa duk abin da ke sauraro alhali ba shi da kunne, akwai wanda yake kai wa gulma. Ya tambaye ta ko masu haraji ne suka aiko ta, ta ce da su ne ai da sun tausaya masa sun bar masa goro. Ya karɓi salular da yatsa biyu, ya tambaya ko za a yi ruwa. Aka ce babu alama. Ya dubi sama, ya ce wannan ko akuya ta sani.

Sai idonsa ya faɗa kan farin ragon da ke ɗaure a turke. Dattawan garin suna da wata ɗabi'a: mutum ya nemi jin darajar dabba ba don zai sayar ba, sai don ya sami abin faɗa a majalisa. Ragon kuwa na matarsa Cima ne, tana kiwonsa don sunan da za a yi a ɗakin autarta, ita Cima kuwa ta shiga maƙwabta barka. Baƙo ya waiga, ya rage murya, ya tambayi abin da ragonsa zai yi a kasuwa.

"Na sanar da dillali Labo," in ji salular. "Ya ce ga shi nan tafe."

Baƙo ya zabura. Ya san Labo sarai. In ya shigo gida da igiya, ko bai fita da dabba ba zai fita da labari, kuma kafin la'asar Cima ta ji cewa mijinta ya sa ragonta a kasuwa.

"Na faɗa! Ke da shi kun haɗa baki ku kashe mani aure, ki samu ki tare."

"In tare ina? A ɗakin da ke yoyo?"

Ta kira Labo, bai ɗauka ba, alamar yana bisa babur. Ta buɗe bayanin da ta rubuta, ta karanta a fili: a kira dillali idan mai dabba ya yi zancen kasuwa. Baƙo ya ce in haka ne, da tuni babu ko bunsuru a Gidan Sori, don kowane tsoho zancen kasuwa yake yi daga safe har yamma. Ta yarda bayanin ya yi sako-sako, amma ta ce shi ma a rubuta nasa laifin, tunda "ragona" ya ce da bakinsa.

Nan take ta gyara: kada a kira dillali sai mutum ya ce sayarwa zai yi, kuma sai an san mai dabbar. Ta miƙa masa ta ce ya sake. Ya sake, yana hararar abin.

"Ragon naka ne, ko na mai ɗakinka?" in ji salular.

"Kin ji ko? Ɗan leƙen asirin mata ne!"

Ƙarar babur ta taso daga bakin gari. Baƙo ya sauke murya, ya roƙe ta ta tare Labo a hanya ta mayar da shi tun Cima ba ta leƙo ba. Zakiyya ta gyara zama, ta ce ita ma ɗan aike ce, ba ta motsi sai da cikakken bayani, kuma sai da tukuici.

"Ɗauki waccan zabuwar."

"Ta wa ce?"

Ya waiga wajen ɗakin Cima. Ya nuna baƙar kaza, ta sake tambaya, ya sake waigawa. Sai dariya ta ƙwace masa, ya laluba aljihu ya zaro ɓarin goro.

"Wannan dai nawa ne, ja'ira."

"Shi ma na san wadda ta ba ka da safe," in ji Zakiyya. Ta karɓe, ta zura takalma, ta nufi inda babur ke tahowa.