Injin Mati da Wayar Yaya Sallau

A Unguwar Cediya akwai wani gida mai mutum uku da injin niƙa ɗaya. Ga Inna Kande, ga babban ɗanta Sallau, ga ƙanensa Mati. Injin gadon mahaifinsu ne, shi ke ciyar da gidan, Mati ke tsaye a kansa tun hantsi har la'asar. Mati babban mutum ne har da gemu, sai dai in ka ba shi magana, yadda ka miƙa masa haka zai riƙe ta, ba ya juya ta ya dubi bayanta.

Shi kuwa Sallau daga Fatakwal ya dawo da babbar waya da wata karta da ake kira foka. Ta intanet yake buga ta, da mutanen da bai taɓa gani ba, kuma da kuɗi na gaske. Inna ta ce caca dai caca ce, ko a tabarma ko a waya. Sallau ya ce, "Inna, wannan ilimi ne. Yau a ci ka, gobe ka ci, kamar damina. Mai bin ƙa'ida ba ya faɗuwa." Ƙa'idojin nan kuwa yana da su buhu-buhu, ga daɗin faɗa. Abin da ke damun Inna shi ne, duk lokacin da aka cinye Sallau, sai ta ga Ɗanjummai dillali ya zo gaisuwa, bakinsa na tambayar lafiya, idonsa na kan injin.

Wata rana aka yi wa Sallau mummunan ci, Mati ya zauna gefensa yana share hawaye. Sallau ya ce, "Kai Mati, ba a haka. In ka ci kada ka yi murna, in an ci ka kada ka yi baƙin ciki. Fuska ɗaya ake riƙewa." Mati ya ce to. Da yamma maƙwabcinsu Malam Ilu ya shigo yana washe baki, matarsa ta haifi tagwaye. Mati ya dube shi da fuska kamar bangon ƙasa, ya ce, "An ji." Kwana biyu bayan nan saniyar Malam Ilu ta faɗa rijiya, ya zo neman masu ja. Mati ya sake cewa, "An ji," da fuskar ranar haihuwa. Sai da Inna ta tafi ba da haƙuri da kanta, da ƙwaryar fura a hannu.

Wata rana kuma Mati ya tambayi yayansa, shin wasan nan riba ake ci ko asara? Sallau ya yi dariya ya ce, "Ba a yanke hukunci da rana ɗaya. Sai an buga sau dubu ake sanin mai kyau da marar kyau." A ranar nan Inna ta kashe kuɗinta ta yi miyar taushe da kan rago, ta zuba wa Mati, ta tsaya tana jira. Ta ce, "Yaya ka ji miyar?" Ya ce, "Inna, sai na sha sau dubu zan gaya miki." Ta ɗauke kwanon daga gabansa, ta ce ya je ya sha sauran ɗari tara da casa'in da tara a gidan wanda ya koya masa.

Wata rana Sallau na kishingiɗe a gindin darbejiya yana yi wa abokansa karatu. Ya ce mai hankali ba ya zuba duk abin da yake da shi a zama ɗaya, kashi ɗaya cikin ashirin ake sakawa, domin ko an cinye da sauran. Mati na jin su daga rumfar injin. Ba a daɗe ba Gwaggo Hajo ta aiko da masara mudu ashirin ta tuwon suna. Mati ya auni mudu ɗaya ya niƙa, ya ɗaure sha tara ya mayar mata. Da ta zo tana kumfar baki, ya ce, "Gwaggo, in injin ya ɓata niƙan fa? Ga shi kina da sauran." Baƙi sun ci tuwon nan bayan magariba, kuma har yau Gwaggo Hajo ba ta amsa gaisuwarsa da daɗi.

Abin tausayin shi ne, a duk gidan Mati kaɗai ke bin ƙa'idojin nan. Mai faɗar su in ya ci sai ya yi ihu ya sayi tsire, in an ci shi sai ya ninka kuɗin don ya fanshe. Sai sa'a ta juya masa baya mako uku cur. Kartarsa na kyau, amma ta wani ta fi. Ya sayar da babur, ya sayar da agogo. Mati na ganin yayansa na ramewa, abin na cin ransa, ya rasa wace ƙa'ida ce aka karya.

Wata rana da safe Sallau ya gama magana da Ɗanjummai: bayan azahar zai kawo mai sayen injin, a turo kuɗin ta waya. Inna ta yi kuka har ta gaji. Kafin azahar aka sake cin Sallau sau uku a jere. Ya miƙa wa Mati wayar ya ce, "Ƙa'ida ce, in kai ya yi zafi a rabu da wasa. Kai ta inda hannuna ba zai kai ba, kada ka ba ni sai na huce."

Mati ya tsaya tunani. Kan katanga? Yaya dogo ne. Kan darbejiya? Yana hawa. Can ya gano wurin, ya naɗe wayar a tsumma ya ajiye. Ko minti goma ba a yi ba Sallau ya ce a ba shi. Mati ya taɓa goshinsa ya ce, "Da saura." Sallau ya yi tsaki, ya aike shi kasuwa sayen goro, don kada a yi cinikin a gabansa ya yi musu kuka.

Mai saye ya zo, ya ce sai ya gwada. Ya juye mudun masara a bakin injin, ya tayar da shi. Injin ya yi gurnani, ya yi wata ƙara kamar ana tauna tsakuwa, wani hayaƙi mai ɗoyi ya tashi, gari ya fito baƙi da ɓarɓashin gilashi. Mutumin ya kashe shi da sauri, ya ce ko kyauta aka ba shi ba ya so. Ya kaɗe rigarsa ya tafi, Ɗanjummai na binsa yana rantsuwa.

Mati ya dawo da goro ya tarar da yayansa durƙushe yana tsintar gutsuren wayarsa cikin gari. Sallau ya miƙe idonsa jajir, ya cakumi wuyan rigarsa.

"Duk faɗin gidan nan ka rasa inda za ka sa ta sai cikin injin?"

"Yaya, ka ce inda hannunka ba zai kai ba. Shekara uku da dawowarka, ko sau ɗaya ban ga hannunka ya kai nan ba."

Sallau ya sake shi. Ya dubi Inna a bakin ƙofa, ya dubi hannayen Mati da gari ya cinye, kunya ta rufe shi. Ya daɗe a zaune a ƙasa. Daga baya ya jawo akwatin sifana, ya tambayi Mati ta ina ake kwance injin. Mati ya nuna masa. Suna cikin kwancewa, Mati ya miƙa hannu ya sake taɓa goshinsa.

"Yanzu kam ka huce, Yaya," in ji shi. "Sai dai ban san yadda zan mayar maka da ita ba."