Neman Izinin Zuba Taki a Gonata

Zuwa ga masu girma shehunan masana da masu riƙe da jakar bincike, mahalarta Babban Taron Duniya Kan Yalwar Hatsi, Allah ya ƙara muku sani.

Bayan gaisuwa da ban gajiyar zama, ni ne Ɗan'azumi na Droum, wanda furojenku, wato aikinku na bincike, ya naɗa wa gonarsa sarautar "gonar shaida" shekara huɗu da suka wuce. Mushen da kuka aiko, wato malamin gona, ya ce maƙwabcina Illa zai samu sabon iri da taki, ni kuwa kada in zuba ko kashin akuya, don a ga bambanci. Na ɗauki alkawari a gaban maigari. An kuwa ga bambanci.

Ga ƴan koke-kokena, in ba za su katse muku shan shayi ba.

Na ɗaya: bara Illa ya ɗaure dami tamanin, ni goma sha tara. An ce sakamakon ya faranta muku rai har kuka tafa. Na gode, sai dai tafi ba ya shiga rumbu.

Na biyu: ɗiyata Raudatu, mai ɗinki a Zango, ta nuna mini hotona a waya. Ga ni a bangon zaurenku, tsaye cikin hatsin da bai kai gwiwa ba. Da an sanar da ni, ai da ko hula na sa. Shin ƙasashe nawa ne yanzu suka san ni da rashin iya noma?

Na uku: na ji kun amince a ƙara wa binciken shekara biyar saboda muhimmancinsa. Wa aka tambaya? Rumbuna ya ƙare tun da rani. Furar da matata Kaltuma take dama mini yanzu, da hatsin Illa ne, wanda yake aiko mana don zumunci. Ina sha, amma wallahi tana tsaya mini a wuya.

Ranku ya daɗe, hadari ya fara haɗowa a gabas, kuma na tara taki amalanke shida a bayan gida. Ni ba mai saɓa alkawari ba ne, shi ya sa nake roƙon izini a rubuce. In kuwa ruwan shuka ya riga amsarku isowa, zan zuba. Idan hatsina ya yi kyau har ya ɓata muku ilimi, ina neman gafara tun yanzu.

Naku mai biyayya, har zuwa saukar ruwan farko,

Ɗan'azumi Mala
Mai gonar shaida, Droum