Rasuwar Hannun Gem Mai Jan Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu goma da suka rasa abin dannawa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar hannun gem ɗina, wato abin da nake dannawa in buga wasa a talabijin, baƙin nan mai ɗaurin salatif a ƙugu. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan teburin ɗinkina, bayan shekara shida yana hidima.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya sha gumi, ya sha shayi, sau biyu ya sha bango, bai taɓa kai ƙarata ba. Idan aka zura mini ƙwallo sai ya yi "zrrr" a tafin hannuna don ya taya ni jimami. Da shi na buga duk wasannin da nake wa sharhi a guruf ɗinmu na mutum tara, inda nake tura saƙon murya kan kowane fim da kowane gem, in yanka masa maki cikin goma. A fim ana musu da ni. A gem kuwa maganata ce ta ƙarshe.

Ciwon ajalinsa ya fara da "ƙis-ƙis" a maɓallin tsalle, daga baya fitilarsa ta dinga lumshewa. Mai gyara ya buɗe cikinsa, ya girgiza kai, ya mayar da murfin. A nan ya gaya mini abin da ya hana ni zama wuri ɗaya har yau: marigayin ya shekara uku yana jan hagu da kansa.

Jama'a, shekara uku ke nan ina zagin masu haɗa gem! Na ce motocinsu duk karkatattu ne. Na ba wani wasan yaƙi biyu cikin goma saboda jarumin yana tafiya kamar ɗan maye. Jiya na ari hannun gem ɗin Yayana, wanda shi ma ɗan guruf ne, na gwada, jarumin nan ya miƙe samɓal. Na kashe, na kunna, na zaga shago sau uku, na ɗinke bakin aljihun wandon wani. Kunya ta ishe ni, tsoro kuma ya fi ta yawa: wa zai ƙara yarda da makina?

Na kira Yaya na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya har da tari. "Haba ƙanena, ai mu takwas ɗin mun sani tun bara waccan. Mai askin nan na guruf ɗinmu ne ya ce kar a gaya maka. Wai in motarka ta daina faɗawa kwata, me za mu saurara a wurin aiki?"

Marigayin ya bar wayar caji ɗaya, da talabijin marainiya, da sharhi talatin da huɗu marasa tushe, da ni.

Za a yi jana'izarsa gobe da ƙarfe huɗu, cikin kwalin takalmi, a ƙarƙashin keken ɗinki. Za a ajiye shi a kusurwar hagu, inda ya daɗe yana son zuwa. Ana karɓar gaisuwa a shago, amma kada wanda ya shigo mini yana danne dariya. Yaya ya yi alkawarin sabon hannu. Na gode, ya riƙe abinsa. Wanda yake da tsoho mai jan hagu, don Allah ya taho da shi, mutum takwas na jiran sharhi ranar Asabar.