Tarwaɗar Alhaji Sallau

Wani mutum ne a Yawuri, Alhaji Sallau, wanda in cika baki noma ne da shi kaɗai ya ciyar da jihar Kebbi. Ranar da ya sayo wani ƙaton firji mai aiki da hasken rana, kasuwar kifi ba ta ƙara jin kunnenta ba.

Abin da yake nema ɗaya ne: masunta su daina bandar kifi, su riƙa kawo masa kifinsu ajiya. Su kuwa masunta ba sa motsi sai da yawun Sarkin Ruwa Jatau, wani tsoho mai ƙarancin magana.

"Sarki," in ji Sallau, yana dukan murfin firjin, bam bam, "abin da ya shiga nan ya gama da lalacewa. Ko ƙwayar cuta ce ta leƙo, sanyi zai kashe ta tun daga bakin ƙofa!"

Dije, 'yar ƙanwarsa da ta karanci ilimin ƙananan halittu a jami'a, tana wurin. Ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Kawu, a yi hattara. Firjin nan sanyi yake yi, ba ƙanƙara ba. Akwai ƙwayoyin da sanyi ne gidansu."

"Gidansu? Da bargo suke yawo?"

"Kowace ƙwaya tana da wani sinadari da take narkar da nama da shi, enzayim ake ce masa. Na yawancinsu in ya ji sanyi sandarewa yake yi, kamar man shanu a randa. Na waɗannan kuwa laushi gare shi, yana lanƙwasa yana kama nama ko a cikin sanyi. A hankali suke ci, amma ba sa fashi."

Sallau ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace.

"Kun ji boko ko? Ke Dije, ina kasuwar nan aka haifi uwarki! Sarki, a kawo tarwaɗa. Kwana arba'in za ta yi a ciki. In ta canza, kada wanda ya ƙara gaishe ni."

Sarkin Ruwa ya sa aka kawo tarwaɗa. Aka naɗe a buhu, aka saka a firjin. Baki dai shi ke yanka wuya.

Ana gobe wa'adi, Sallau ya faki ido ya ɗaga murfi don ya ga abin alfaharinsa. Wani wari ya daki hancinsa, bus! Sai da ya ja da baya taku uku. Tarwaɗa ta yi yauƙi, ta saki jiki, ko kare ba zai kalle ta ba. Dije ta faɗo masa a rai, haushi ya ƙara kama shi.

To, mai hankali da nan zai je ya ba da haƙuri. Amma Sallau ne fa. Ya haƙa rami ya binne ta, ya wanke firji tas da omo. Da sassafe ya hau babur sai wani ƙauye can gaba, inda ba a san shi ba. Ya zaɓi tarwaɗa mai girman waccan, mai kifin ya kwaɗa mata kulki a ka, ƙwal, ta yi shiru. Sallau ya naɗe, ya dawo, ya jefa a firji, ya sa babbar riga.

Da hantsi kasuwa ta cika maƙil. Sallau ya fito da buhu, ya shimfiɗa a kan tebur cikin rana, ya buɗe. Tarwaɗa sumul, sai sheƙi take.

"Jama'a, ku shinshina! Ina 'yar boko? Ina masu bargon?"

Ya shiga jawabi. Ya yi minti goma yana yi, rana kuwa tana dukan kifi. Abin da Sallau bai sani ba, domin bai taɓa jefa koma ba a rayuwarsa, shi ne tarwaɗa taurin rai gare ta. Kulki ɗaya sumar da ita kawai yake yi.

Ya sunkuya zai ɗaga ta sama kowa ya gani. Gashin bakinta ya motsa. Kafin ya ankara, fat! Ta zabga masa wutsiya a kumatu, ta sulle ƙasa tana birgima.

Sarkin Ruwa ya tako a hankali, ya sa sanda ya juya ta, ya daɗe yana duban cikinta.

"Ikon Allah," ya ce. "Alhaji, da hannuna na farke cikin kifin nan na zubar da hanjin. Wannan ai ba firji ka sayo ba, asibiti ne. Har ɗinkin ya warke!"