Dutsen da Ya Ƙara Tsawo

Allah ya yi wa garinmu Wara baiwa biyu: tafkin Kainji da Malam Sahabi. Tafkin ma, in za a faɗi gaskiya, yakan ragu da rani. Malam Sahabi kuwa kullum cike yake.

Malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare, har ranar da aka tura shi wani ɗan kwas a Jos. Ya tafi Sahabi, ya dawo da hular kwano ta 'yan haƙar ma'adinai, da ƙaramar guduma rataye a ƙugu, da sabon suna da ya raɗa wa kansa: Masanin Ƙarƙashin Ƙasa. 'Yan acaɓa suka taƙaita masa wahala, suka ce Oga Guduma.

Ilimin kam ya zo da shi, ba ni hana shi nasa. A rumfar mai shayi yakan ɗauki tabarmar mutane ya turo ta daga gefe biyu har ta yi tudu a tsakiya, ya ce haka ɓawon ƙasa ke matsuwa ya lanƙwashe ya haifi tsaunuka. Wannan gaskiya ne. An kuma gaya masa a Jos cewa aikin yakan ci shekaru miliyoyi, sai dai da alama a lokacin ya fita amsa waya.

Abu guda ke ci masa rai: manyan masana duk akwai dutsen da ake kira da sunansu, shi kuwa ko suri babu. Ya rantse sai ya samu nasa.

Akwai wani dutse a bakin tafki inda mata ke shanya wanki. Da rani ya kama, Oga Guduma ya shafa jan fenti daidai inda ruwa ke taɓa shi. Bayan kwanaki ya dawo, sai ga fentin ya yi sama, ya bar ruwa a ƙasa. Ya sake shafawa, ya sake dawowa, haka dai. Kafin a jima dutsen ya yi zane-zane kamar rigar fursuna.

"Jama'a," in ji shi ran kasuwa, yana tsaye kan benci, "ƙasarmu ta Ngaski tana tashi. Tsauni ake haifa a gabanku, ni ne kuma ungozomarsa."

Mahaifiyarsa, Inna Marka, wadda ke shuka albasa a wannan bakin ruwan duk shekara, ta ja shi gefe.

"Sahabi, ruwan ga hwa ja ya yi. Yana dawowa."

Ya yi mata murmushin tausayi. Ya ce ja da bayan ruwa zancen da ne, kimiyya ta wuce nan. Ta ɗauki kwandonta ta tafi, tana cewa Allah shi kyauta.

Sauran mutanen gari, Allah ya yafe mana, babu wanda ya ƙara tanka masa. Nishaɗi irin wannan ba kullum ake samunsa kyauta ba. Modibbo mai shayi har yakan ce shi ma yana jin bencinsa na ɗagawa.

Oga Guduma ya kafa dogon ƙarfe da siminti a gindin dutsen, da allo mai cewa TSAUNIN SAHABI. Ya gayyaci manyan baƙi daga Yelwa bikin raɗin suna. Amma ya ɗage ranar, don babbar rigarsa ba ta fito daga wurin tela ba. Ya sake ɗagewa, don mai ɗaukar hoto ya yi tafiya. Yana ta ɗagewa, damina tana ta aikinta.

Ran biki baƙi suka iso, aka rasa inda za a jera kujeru. A kwalekwale aka kai su. Tsaunin ya nutse da fentinsa, kan allon kaɗai ke leƙe, wani tsuntsu zaune a kai. Na ɗan ji tausayin Oga Guduma, har sai da ya miƙe a cikin jirgin ya gyara hular kwano.

"Abin da kuke gani," ya ce, "shi ne mataki na biyu. Ƙasa ta lotsa."

Jirgin ya karkata, Masanin Ƙarƙashin Ƙasa ya tafi duba lamarin da kansa. Da filafili aka jawo shi, babu hula, babu guduma.

Burinsa dai ya cika, sunan ya zauna daram. Duk mai jirgin da ya doshi wurin da damina, sai ka ji ana yi masa kashedi daga gaɓa: ya kauce wa Sahabi, ba a ganinsa amma yana fasa jirgi.