Kabewar Da Na Kai Gidan Surukai

Ko na manta komai, ba zan taɓa mantawa da daminar da na zama manomin kabewa ba. A lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ba, ni kuwa ina zaune a bakin bodar Jibiya, aikina cike wa direbobi takardu. Ban taɓa riƙe fartanya da sunan noma ba, kuma surukina, wani dattijon manomi a Bugaje, ya san da haka. Bai taɓa faɗa mini ba, amma duk ranar da muka gaisa sai ya ɗan dubi tafin hannuna. Wannan kallon yana ci mini rai matuƙa.

Wata rana wani direba ɗan Maraɗi mai suna Illa ya ba ni iri ƙwaya bakwai a ƙulle cikin leda, ya ce kado ne, wato kyauta. Irin kabewa ne na ƙasar waje, in ji shi, guda ɗaya sai ƙarti biyu sun kama. Tun kafin ya rufe baki na hango kaina ina sauke ta a gaban surukina.

Na share fili a bayan gida, na sa aka kwaso mini taki daga jujin unguwa har amalanke biyu, na baje. Sai na yi lissafi irin namu na 'yan boko: tunda kabewar ƙatuwa ce, dole raminta ya yi zurfi. Na haƙa har hannuna ya nutse zuwa gwiwa, na jefa iri, na binne, na bi da diddige. Matata Hindatu ta leƙo ta ce ita dai a gidansu zurfin ɗan yatsa ake yi. Na ce mata wannan ba irin ta Bugaje ba ce.

Bayan ruwa biyu sai ga tsiro, amma ba a bakin ramukan ba, can gefe. Na ce ƙarfin iri ne. Yaɗo ya cinye fili, ya haye katanga, ya yi fure. Hindatu ta sake magana.

"Malam, huren ga hwari ne, kuma sai da marece shika buɗewa. Na kabewa rawaya ne."

Na ce mata furen Turai ke nan. (Ban taɓa wuce Kaduna ba.) Daga ranar ta zuba mini ido.

'Ya'ya suka fito mulmul, suna ta girma. Abin da ya fi burge ni shi ne babu wanda ya taɓa ko guda, alhali katangar ko akuya tana tsallakawa. Har a bakin boda nakan ba da misali da lambuna, ina cewa ku dubi albarkar Shari'a, ga dukiya a fili an rasa mai ɗauka. Masu dako suna ta gyaɗa kai. Yanzu na gane wasunsu sun bi ta bayan gidana sun gani.

Da kaka ta yi, ƙanwar Hindatu ta haihu, za a yi suna a Bugaje. Na aika da saƙo cewa kada a sayi kabewar miyar taushe, ni na ɗauke musu. Ranar suna da sassafe na yanko babbar, na naɗe ta da tsohon zane, na ɗaure a bayan mashin. Na ji ba ta kai nauyin da Illa ya faɗa ba, amma wanda ya yi nisa irina ba ya tsayawa tunani.

Na tarar an gama raɗin suna, ƙofar gida cike da dattawa ana raba goro. Maimakon in aika da ita cikin gida kamar kowane suruki mai kunya, sai na sauke ta a tsakiyar tabarma, na durƙusa, na yaye zanen.

Surukina ya jawo ta, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Ta amsa ƙwal-ƙwal. Wani tsoho ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa.

"Madalla, Malam," in ji surukina, ko murmushi bai yi ba. "Rabona da ganin duma mai kyan wanga tun ina saurayi. Allah shi yi albarka."

Duma! Wata huɗu ina ban ruwa, ina korar kaji, ina wa'azi a kan ƙwarya. Irin Illa ya ruɓe a kabarin da na haƙa masa, wanda ya tsiro kuwa 'ya'yan duma ne da suka biyo takin juji. Abin da kawai ya zo bakina shi ne tambayar yadda za a yi da miya.

Ya ce in kwantar da hankalina, miya tana kan wuta tun asuba. Ashe tun ranar da fure ya fito Hindatu ta aiko cewa a ajiye kabewa biyu daga gonarsu. Wato gidan duka, har jaririyar ma ina zargi, jirana kawai suke yi.

An fafe duman ya zama masaki. Har yau a ciki surukata take wanke hatsi, kuma idan za ta aika a ɗauko shi, cewa take a miƙo mata kabewar Malam. Ni kuwa na koyi darasi: duk lokacin da 'yar manomi ta ce maka fure fari ne, ka ajiye biro ka tambaye ta me hakan yake nufi.